Alƙawari Kaya Ne: Darasi Daga django.core Ga Masu Gina Manhaja A Fagge Da Sabon Gari

 Kamar kullum, ga rubutun shirin saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, da kuma masu son su ajiye su karanta a tsanake.

Yau magana ce ta masu rubuta kod, amma don Allah ɗan kasuwa kada ka wuce, domin kuɗinka ne a ciki. Tambayar ita ce: idan matashi ya gina maka manhajar lissafin shago, ko shafin intanet na sayar da kaya, sannan gobe ya samu aiki a Abuja ko ya tafi karatu waje, wa zai iya taɓa wannan aikin a bayansa? Amsar tana rataye ne da abu ɗaya da yawancinmu muke raina wa, wato rubutaccen bayani, abin da masu sana'ar ke kira dokumenteshan. Zan ɗauki firemwok guda ɗaya, Django, mu leƙa yadda mutanensa suka rubuta bayanin ƙunshin da ke tsakiyarsa, sannan mu dawo gida mu ga me za mu ɗauka.

Mene ne firemwok, mene ne ƙunshin tsakiya?

Bari mu fara daga tushe. Duk shafin intanet da ke aiki da mutane yana da buƙatu iri ɗaya: a yi rajista, a shiga da kalmar sirri, a ajiye bayanai a rumbu, a tura imel, a duba ko abin da mutum ya cike a fom daidai ne. Da a ce kowa sai ya rubuta waɗannan daga farko, da babu wanda zai gama aiki. Firemwok shi ne tarin kod da wasu suka riga suka rubuta, suka gwada, suka ba ka kyauta ka ɗora naka a kai. Kamar ka kama shago ne a filaza, ka tarar an yi gini, an ja wayar wuta, an sa ƙofa. Naka shi ne kanta da kaya.

Django ɗaya ne daga cikinsu, da yaren Python aka rubuta shi. An fara shi a 2003 a gidan wata jarida mai suna Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas ta Amurka, a hannun Adrian Holovaty da Simon Willison. A watan Yulin 2005 aka sake shi ga duniya kyauta, kuma a 2008 aka kafa gidauniyar da ke kula da shi. Instagram da kuke hawa kullum, da shi aka fara gina ta.

A cikin Django akwai ƙunshi-ƙunshi, kowanne da aikinsa. Akwai wanda sunansa django.core, nan aka tara kayan aikin da sauran sassa ke jingina da su. A ciki akwai mail na tura imel, akwai validators na tantance bayanai, akwai paginator na raba dogon jeri zuwa shafi-shafi, akwai cache na ajiyar wucin gadi don shafi ya yi sauri, akwai signing na sa hannu a kan bayani, akwai exceptions inda aka jera sunayen kurakurai, sai management, wanda ke bayan umarnin da kake bugawa irin su runserver da migrate. In an taɓa abu a nan, ko'ina sai ya ji a jikinsa. Shi ya sa rubutun bayaninsa yake da nauyi.

Rubutun nan yarjejeniya ce

Ga abin da nake so kowa ya tafi da shi yau. A cikin littafin Django akwai shafi guda da ya yi magana kan tabbatar abubuwa. Ma'anarsa a taƙaice: duk abin da ka gani an yi bayaninsa a littafin, sun ɗauki alƙawarin ba za su sauya masa suna ko wuri haka kawai ba. In dole ta sa za a cire shi, sai an yi gargaɗi tukuna, a bar shi yana aiki na aƙalla sabbin sigogi biyu. Abin da kuwa ba a rubuta ba, musamman wanda sunansa ya fara da layin ƙasa, wato alamar _, wannan na cikin gida ne. Ana iya canja shi gobe, kuma ba ka da bakin ƙorafi.

Mu 'yan Fagge wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kantin Kwari, kasuwar Singa, kasuwar Sabon Gari da ake kira ta Abubakar Rimi, duk a ƙaramar hukumarmu suke. Wanda ya taɓa zama a shago ya san bambancin "ai mun yi magana" da "ga shi a littafi". Ka ba mutum dila biyu na atamfa bashi da baki, bayan wata uku ku zauna, kai ka ce kaza, shi ya ce kaza. In akwai littafi da kwanan wata da sa hannu, magana ta ƙare. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. To haka abin yake tsakanin masu gina firemwok da dubban mutanen da ke amfani da shi waɗanda ba su taɓa ganin juna ba. Littafin ne shaidar abin da aka yarda da shi.

Bari in ba ku misalin da ya faru a cikin django.core ɗin kansa. A da akwai wani sashe mai suna django.core.urlresolvers, shi ke kula da adireshin shafuka. Suka ga ya fi dacewa ya koma django.urls. A sigar 1.10 da ta fito a Agustan 2016 aka buɗe sabon wurin, aka rubuta a bayanan sigar cewa tsohon zai tafi, amma aka bar shi yana aiki tare da gargaɗi. Sigar 1.11 ta zo a Afrilun 2017, yana nan. Sai a sigar 2.0, Disambar 2017, aka cire shi. Kusan wata 16 kenan na sanarwa. Wanda ma bai shirya ba, yana iya zama a kan 1.11, domin ita an ci gaba da kula da ita har Afrilun 2020.

Yanzu ka duba abin da ke faruwa da ƙannenmu masu koyo. Yaro ya samu tsohon bidiyo a YouTube, ko ya tambayi ChatGPT ta kawo masa tsohon kod, ya kwafa, ya liƙa, kwamfuta ta ce ba ta san urlresolvers ba. Sai ya kwana biyu yana zargin laftof ɗinsa. Alhali amsar tana rubuce tun 2016, da kwanan wata, da sunan sabon wurin.

Akwai kuma misalin da ya bi ta ɗaya hanyar. Wani abu da ake kira _meta, wanda ke ba ka bayanin yadda teburin bayananka yake. Kun ga layin ƙasa a gabansa, wato na cikin gida ne. Amma mutane da yawa suka riƙa amfani da shi saboda yana da amfani, har ya zama in an taɓa shi ayyukan jama'a za su lalace. Me suka yi? Suka zauna suka gyara shi, suka rubuta masa bayani, ya fito a hukumance a sigar 1.8 a Afrilun 2015. Daga ranar ya shiga cikin alƙawari.

Abubuwa uku da layi ɗaya na bayani ke tsare ka daga gare su

Kada abin ya zama labari kawai, mu ɗauki shagon atamfa a Kwari mu gwada.

Na farko, paginator. A ce kana da kaya kala 230 a shafinka, kana son a nuna 25 a kowane shafi. Shafi 9 za su cika, na 10 ya ɗauki guda 5. To idan kwastoma ya nemi shafi na 99 fa? Littafin ya gaya maka akwai hanya biyu. In ka yi amfani da page, zai jefo kuskure mai suna EmptyPage, kuma in ba ka tare shi ba, kwastoma zai ga shafinka ya fashe. In ka yi amfani da get_page, wanda aka ƙara a sigar 2.0, sai a kai shi shafin ƙarshe salin alin. In ma haruffa ya rubuta a maimakon lamba, a kai shi shafin farko. Akwai kuma wani zaɓi, orphans, wato marayu. In ka sa shi 5, waɗancan guda 5 da suka rage za a haɗa su da shafi na 9, ya zama yana da 30, shafuka su tsaya a 9. Sannan an ja kunne: in ba ka jera kayanka bisa wani tsari ba, ko na farashi ko na suna, sakamakon na iya rikicewa daga shafi zuwa shafi.

Na biyu, validators, kuma wannan shi ne mai cin kuɗi. Ka sa doka cewa farashi ba zai yi ƙasa da sifili ba, da abin da ake kira MinValueValidator. Hankalinka ya kwanta. Amma littafin ya faɗa ƙarara cewa waɗannan dokokin ba sa tashi da kansu a lokacin da ka kira save. Suna aiki ne idan bayanin ya biyo ta fom, ko kuma in kai da kanka ka kira full_clean. Ma'ana, ranar da maigida ya ce a kwaso kaya 500 daga Excel a zuba kai tsaye, in akwai layin da aka yi kuskuren sa alamar ragi a gaban farashi, zai shige ba wanda ya tare shi. Ƙarshen wata lissafi ya ƙi daidaita, kuma mun san wanda ake fara kallo: yaron shago. Mutuncin wani na iya zubewa saboda layi ɗaya da magini bai karanta ba.

Na uku, signing. Wannan yana sa hannu ne a kan bayani, yadda in wani ya canja ko harafi ɗaya za a gane. Amma ba ya ɓoye bayanin. Kamar rasit ne mai hatimi: ba za ka iya sauya adadin ba tare da an kama ka ba, amma duk wanda ya ɗauka zai karanta. Wanda ya ɗauka cewa ɓoyewa yake yi, ya cusa lambar asusun kwastoma a ciki ya tura ta adireshin shafi, ya tallata sirrin mutane da hannunsa.

Ku lura, a duka ukun nan sunan abin kaɗai ba zai gaya maka haɗarin ba. Sai wani ya zauna ya rubuta: ga abin da yake karɓa, ga abin da yake mayarwa, ga inda yake fashewa, ga abin da ba ya yi.

Kashi huɗu na bayani

Littafin Django ya kasu gida huɗu, kuma sun faɗi haka tun a shafin farko. Daniele Procida, ɗaya daga cikin mutanen Django, ya faɗaɗa wannan tunani ya mai da shi tsari mai suna Diátaxis, wanda ayyuka da yawa ke bi yanzu. Ni dai na fi gane shi in na tuna yadda ake koyar da yaron shago, ko a wurin Alhazan Kwari, ko a wurin 'yan uwanmu Ibo na Sabon Gari da suka shahara da ɗaukar yaro ya yi shekaru yana koyo kafin a sallame shi da jari.

Akwai koyarwar farko. Ranar da yaro ya fara zuwa, ba a zaunar da shi a karanta masa farashin kaya dubu. Ana cewa ne buɗe nan, share nan, ga yadda ake ninke shadda, ga yadda ake gaida kwastoma. A Django wannan shi ne darasin da ake kama hannunka ka gina ƙaramar manhajar ƙuri'a mataki-mataki.

Akwai "yaya ake yi". Yaro ya kwana biyu, yanzu tambayarsa takamaimiya ce: yaya ake tura kaya Maraɗi, wace tasha, wa za a kira? Amsa yake so a jere, ba tarihi ba.

Akwai jerin bincike, kamar takardar farashi. Ba a karanta ta daga farko zuwa ƙarshe, ana duba abu ɗaya ne a rufe. Wani ɓangare na bayanin django.core a nan yake. Dole ya zama daidai, cikakke, ba surutu.

Sai na huɗu, bayanin dalili. Wannan shi ne hirar da maigida ke yi da yaro bayan la'asar in kasuwa ta lafa: me ya sa ba ma ba wane bashi, me ya sa muke sarin kaya tun kafin azumi. A nan ne yaro ke zama ɗan kasuwa.

In aka cakuɗa huɗun nan a shafi ɗaya, sabon shiga zai ruɗe, gwani kuma zai gaji da nema. Jacob Kaplan-Moss, wanda yana cikin waɗanda suka raini Django tun a gidan jaridar can, ya yi jerin rubutu a 2009 kan wannan batu, inda ya nuna cewa bayanin da na'ura ke zaƙulowa da kanta daga cikin kod ba ya maye gurbin wanda mutum ya zauna ya rubuta. Kuma a ƙa'idarsu, in ka kawo sabon abu kana so a sa a Django, sai ka haɗo shi da gwaji da rubutaccen bayani. Bayanin yana zaune ne a rumbu ɗaya da kod ɗin a GitHub, ana sarrafa shi da wata manhaja mai suna Sphinx, kuma in abu sabo ne ko an canja shi, za ka ga an rubuta a wace siga.

Mu dawo gida

Yanzu matasa da yawa sun shigo harkar nan. Ga waɗanda suka fito daga BUK da sauran makarantu, ga 'yan shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3, ga waɗanda suka koya da kansu a waya. Ka bi ta Beirut Road ko France Road, za ka samu matashin da ke gyaran waya da rana, da dare yana rubuta kod. Abin farin ciki ne. Kuma kasuwa tana nan: masu sari, masu kemis, makarantun kuɗi, masu POS, kowa na son lissafinsa ya koma kwamfuta.

Amma ga abin da na gani da idona. Wani dattijo mai shago biyu a Kwari ya biya wani matashi ya gina masa manhajar kaya da bashi. Ta yi shekara biyu tana aiki lafiya. Matashin ya samu aiki a wani gari, lambarsa ta daina shiga. Rannan manhaja ta tsaya. Aka kira mu mu uku mu duba. Muka buɗe, babu ko layi ɗaya na bayani. Akwai wani fankishin da ke cire kashi 2 cikin ɗari daga wasu cinikayya, ba mu san ko kamashon dillali ba ne, ko ragi ne na manyan kwastomomi, ko kuskure ne. Shi Alhaji bai sani ba, mai ginin ne kaɗai ya sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to mai ɗakin ya tafi da sanin. Muka ce, "Alhaji, gaskiya sai dai a sake gini." Ya dube mu ya ce, "Yarana, ni da na sani da na zauna da littafina." Ya biya sau biyu a kan aiki ɗaya, kuma yanzu duk matashin da ya je masa da maganar manhaja, ya riga ya sha da baki.

Wannan ne ya sa nake ɗaukar batun a matsayin maganar matasa gaba ɗaya. Muna ta kiran a ba mu dama, a yarda da mu. Kowane aikin da aka bari babu bayani yana rufe ƙofa ga mutum goma da ke tafe.

Akwai masu cewa da gangan suke ƙin rubutawa, wai don kada maigida ya sallame su ya kawo wani. Na fahimci tsoron, aiki ya yi wuya. Amma ka duba lissafin da kyau. Wanda ya riƙe sirri, shi za a riƙa kira ƙarfe 11 na dare har abada a kan aiki ɗaya, ba zai iya ɗaukar yaro ya taya shi ba, ba zai iya karɓar babban aiki ba. Kamfanonin waje da ke ɗaukar ma'aikata daga nesa kuwa, yawancin aikinsu a rubuce ake yi, kuma in sun buɗe GitHub ɗinka, shafin bayani ne farkon abin da idonsu zai sauka a kai.

To me za ka rubuta?

Kusan kowane aikin da muke ginawa yana da nasa ƙunshin tsakiya, inda muke tara lissafin kuɗi, ragi, bashi, izinin wa zai ga me. Daga nan za ka fara.

1. Shafin farko, wanda ake kira README. Mene ne aikin nan, wace sigar Python da Django yake buƙata, yaya ake tayar da shi a sabuwar kwamfuta, ina rumbun bayanai yake, yaya ake ajiye kwafinsa. Kalmomin sirri kada su shiga nan, a ba mai shago su daban.

2. Kowane fankishin da wasu sassa ke kira, rubuta masa abu biyar: me yake yi, me yake karɓa, me yake mayarwa, yaushe yake jefo kuskure, da misali ɗaya na gaske da naira da kobo.

3. Rubuta dalili. "Ana cire kashi 2 saboda kamashon dillali, bisa umarnin mai shago, daga watan kaza." Layin nan kaɗai da ya ceci Alhajin can.

4. Raba na waje da na cikin gida. Abin da ba ka so a dogara da shi, sa masa layin ƙasa, kuma ka faɗa.

5. Ajiye tarihin canje-canje da kwanan wata. In za ka cire abu, yi sanarwa tukuna.

6. Ranar da ka canja kod, ranar za ka canja bayani. Tsohon bayanin da ya daina zama gaskiya ya fi rashinsa haɗari, don mutum zai bi shi da yaƙini ya faɗa rami.

7. Gwaji na ƙarshe: ba abokinka ko ƙawarki shafin, ka koma gefe ka kama bakinka. Duk inda ya tsaya ya ɗago kai zai yi tambaya, nan ne rubutunka bai cika ba.

Ku kuma 'yan kasuwa, Alhaji, Hajiya, in za ku ba da aiki, ku sa wannan a cikin ciniki tun farko. Kada a biya cikon kuɗi sai an miƙa abu uku: kod ɗin kansa, rubutaccen bayani, da kalmomin sirri. In da hali ku sa wani masani daban ya gwada tayar da manhajar da bayanin kaɗai.

Da wane harshe?

Ra'ayina shi ne, sunayen kod a bar su yadda suke, domin haka kwamfuta ta san su, amma bayanin da mai shago da yaransa za su karanta a yi shi da Hausa. A Sabon Gari, inda shago ɗaya za ka ji Hausa da Ibo da Turancin buroka, a yi da harshen da masu aikin ke ji.

Kuma akwai abubuwan da mu kaɗai za mu lura da su. Misali, a wani ƙunshin na daban, django.utils, akwai slugify, mai mayar da kanun rubutu zuwa adireshin shafi. In ka ba shi "Ƙofar Mata" yadda yake, zai dawo maka da ofar-mata. Ya jefar da Ƙ, domin ba ta cikin haruffan da ya saba bari. Haka zai yi wa ɗ da ɓ: ɗaki ya koma aki. Maganin yana rubuce a littafin, ka kunna allow_unicode, sai haruffanmu su tsira. Amma wa zai gaya wa ɗan koyo a Fagge cewa wannan zaɓin shi ya shafa, in ba ɗan uwansa da ya rubuta masa da misalin Ƙofar Mata ba?

Wani abin kuma, Django yana zuwa da fassarar saƙonninsa, irin su maɓallan shafin gudanarwa da saƙon kuskure, a harsuna da dama. Akwai Swahili. Harshen Ibo ya shiga a sigar 3.1 a Agustan 2020. Har zuwa sigar 5.2 ta Afrilun 2025, babu Hausa a jerin. Masu sa kai ne ke yin fassarar nan a wani dandali mai suna Transifex, ba kamfani ba ne ke zaɓar wanda zai shiga. Maƙwabtanmu sun zauna sun yi nasu. Taron DjangoCon na Afirka na farko an yi shi a Zanzibar a Nuwambar 2023, wato nahiyar ta riga ta samu kujera a wurin. Mu ma in mutum biyar suka ware awa biyu duk Asabar, aikin ba zai gagara ba.

Ga masu kukan data, littafin Django gaba ɗaya ana iya sauke shi sau ɗaya a ajiye a waya ko laftof, a karanta ba tare da intanet ba. Ka dai tabbata sigar da ka sauke ita ce wadda kake aiki da ita.

Aikin gida na wannan makon: buɗe aikin da ka gina na ƙarshe, zaɓi fankishin ɗaya da ya shafi kuɗi, rubuta masa abubuwa biyar ɗin nan da dalilinsa, ka ba wani ya karanta. Wanda ya yi, ya turo mana yadda ta kaya, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Masu sha'awar aikin fassara zuwa Hausa su ma su yi magana mu san juna.

A tura wa duk wanda ya ba da aikin manhaja ko yake shirin bayarwa.